Yadda Ake Bibiyar Sauyin Bakteriya a Tafkuna Masu Farar Wuta a Tsawon Shekara

Akwai tafkunan da ruwansu na ƙasa ba ya samun iskar oksijin ko kaɗan, yana kuma ɗauke da salfaid, sinadarin nan na farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke samuwa idan wasu bakteriya suka yi numfashi da gishirin salfet a maimakon oksijin. A daidai inda ruwan saman tafkin mai oksijin ya haɗu da wannan ruwa na ƙasa, muddin hasken rana yana isa wurin, wasu bakteriyar kan taru su yi shimfiɗa mai kauri, suna haɗa abincinsu da haske da salfaid. Wannan jagora ce ga ɗalibi ko mai binciken da ke son sanin yadda jama'ar wannan shimfiɗa ke sauyawa daga wani lokaci na shekara zuwa wani. Abin da ya kamata ya riƙe tun daga farko shi ne, shimfiɗar ba ta zama wuri ɗaya. Tana hawa tana sauka, don haka wanda ya kafe a kan zurfi guda yana ɗibar ruwa duk wata, zai iya komawa gida da labarin sauyin da bai auku ba.

Sanin irin tafkin kafin a shiga kwalekwale

Aikin farko shi ne gano yadda ruwan tafkin ke gauraya, domin a kan haka ne jadawalin shekara gaba ɗaya zai tsaya. Tafkin Cadagno da ke kwarin Piora a kudancin Suwizalan, a tudun da ya haura mita 1,900, yana cikin misalan da aka fi nazari a kansu. Zurfinsa mita 21 ne. Ruwan da ke kwararo masa daga sama ba shi da gishiri sosai, amma maɓuɓɓugan da ke ƙarƙashinsa suna ratsowa ta duwatsun jifsam da dolomait, suna kawo ruwa mai nauyi mai yawan salfet. Saboda bambancin nauyin nan, ruwan ƙasa ba ya haɗuwa da na sama duk shekara, kan iyakar da ke tsakaninsu kuma tana wajen mita 12. A irin wannan tafki jama'ar bakteriya ba ta watsewa, sai dai wani jinsi ya yi yawa wani ya ragu, shimfiɗar kuma ta yi kauri ko ta sirance.

Ƙaramin tafkin Cisó da ke kusa da Banyoles a arewa maso gabashin Sifen dabam yake. A lokacin zafi yana rabuwa hawa-hawa, amma idan sanyi ya shigo sai ruwansa ya gauraya, salfaid ya kai har sama, tafkin duka ya rasa oksijin. Tafkin Rogoznica da ke gaɓar tekun Adriyatik a Kuroshiya, mai zurfin kusan mita 15, shi kuma yakan daɗe a rabe, sannan a wasu shekarun, kamar 1997 da 2011 da 2016, ruwan ya juye gaba ɗaya a lokacin kaka, oksijin ya ƙare, dabbobin ruwa su mutu da yawa, bakteriyar da ke cin salfaid ba tare da buƙatar haske ba kuma su karɓe wurin na ɗan lokaci. Wanda zai yi aiki a tafki irin wannan dole ya kasance a shirye ya fita ba a ranar da ya tsara ba, domin abin da ya fi muhimmanci a shekarar yana iya aukuwa cikin 'yan kwanaki.

Da zarar an san irin tafkin, sai a zaɓi wuri mafi zurfi, a kafa alama mai yawo a kan ruwa, a riƙa komawa nan kullum. A ɗaure kwalekwale ta fuska biyu don kada iska ta riƙa juya shi. A kafa ma'aunin tsayin ruwa a bakin tafkin kuma, saboda zurfi daga saman ruwa ake lissafa shi, saman ruwan kuwa yana hawa yana sauka. A Cadagno ma ana rage ruwan a hunturu saboda samar da lantarki.

Neman kan iyaka a kowace ziyara

Kafin a ɗebi ko ɗigo ɗaya, sai a zura na'urar aune-aune daga sama zuwa ƙasa, mai auna zafi da oksijin da gishiri da gurɓacewar ruwa, wato rashin garai-garai ɗinsa, in da hali har da haske. A zura ta a hankali, musamman idan an kusa kan iyaka, domin ma'aunin oksijin yana jinkirin amsawa, kuma idan aka yi gaggawa zai nuna cewa oksijin ya ƙare a ƙasa da inda ya ƙare da gaske. Ma'aunin oksijin mai aiki da haske ya fi dacewa da wannan ruwa, saboda salfaid yana lalata irin mai aiki da lantarki bayan ɗan lokaci. Lokaci-lokaci a gwada na'urar da tsohuwar hanyar auna oksijin ta Winkler ta 1888, wadda har yau ita ce abin dogaro.

Abubuwa uku ake nema a cikin wannan awo: inda oksijin ya ƙare, inda gishiri ya fara ƙaruwa, da inda ruwan ya fi gurɓacewa. Na ukun shi ne yawanci cibiyar shimfiɗar bakteriya. A rubuta zurfinsa, a mayar da shi sifili na wannan rana, sannan a lissafa sauran wuraren ɗiba daga gare shi: santimita kaza a samansa, santimita kaza a ƙarƙashinsa. A ɗebi ruwa a 'yan wuraren da ba sa canzawa su ma, kamar mita biyu daga sama da mita biyu daga ƙasa, don su zama abin kwatanci, amma yawancin kwalabe da yawancin lokaci a kan iyakar nan za a kashe su.

Dalilin wannan nacin a fili yake. A ce a watan Yuli cibiyar shimfiɗar tana mita 12, zuwa Oktoba kuma iskar kaka da sanyi sun zurfafa ruwan sama sun tura ta ƙasa da rabin mita. Wanda ya ɗebi ruwa a mita 12 sau biyu zai ga jajayen bakteriya cunkus a Yuli, a Oktoba kuma ya ga sun ɓace, bakteriyar ruwa mai oksijin sun maye gurbinsu. Zai rubuta cewa jama'ar ta rushe a kaka, alhali suna nan lafiya taku ɗaya a ƙarƙashin kwalbarsa.

Lokacin yini ma yana da nasa tasiri. Chromatium okenii, babbar bakteriya mai launin shuɗi-ja da tsawonta ke kai kusan maikiromita 10, tana iyo da kanta, tana bin haske tana gudun oksijin. An nuna a Cadagno cewa idan ta yi yawa a lokacin zafi, taruwarta a saman shimfiɗar tana ƙara wa ruwan wurin nauyi har ya riƙa nutsewa, ta haka take gauraya wani sashe na ruwa da kaurinsa kan kai kusan mita guda. Wasu jinsunan, irin su Thiodictyon da Lamprocystis, ba sa iyo haka, suna daidaita zurfinsu ne da 'yan jakunkunan iska da ke cikin jikinsu. Saboda haka a tsayar da sa'a guda ta ɗiba, a ce hantsi, a riƙe ta duk shekara, sannan a keɓe rana ɗaya ko biyu a lokacin zafi a auna dare da rana don a san girman wannan motsi.

Ɗibar ruwa ba tare da an hargitsa shi ba

Doguwar kwalbar ɗiba da aka saba amfani da ita a sauran tafkuna ba ta da amfani sosai a nan, domin tsawonta kan fi kaurin abin da ake son aunawa, kuma saukarta kaɗai tana hargitsa ruwan. A tafkin Mahoney da ke yammacin Kanada, shimfiɗar bakteriyar da ke wajen mita 7 tana da yawan gaske amma siririya ce, mai irin wannan kwalba zai haɗa ta da ruwan sama da na ƙasa ya samu matsakaicin da babu shi a ko'ina cikin tafkin. Hanyoyi biyu ne suka fi. Ta farko ita ce sanda mai jerin sirinji da aka kafa da tazarar santimita 10 ko ƙasa da haka, a saukar da ita a hankali, a bar ruwa ya natsu na 'yan mintuna, sannan a cika sirinjin duka lokaci guda. Ta biyu ita ce ƙaramin famfo da siririn tiyo mai baki da ke jan ruwa ta gefe, a riƙa jan ruwan sannu-sannu, a kuma zubar da na farko har sai wanda ke cikin tiyon ya sabunta kafin a cika kwalba. Idan an dace da cibiyar, ido ma zai shaida: ruwan kan fito ja-ja kamar zoɓon da aka tsarma da ruwa, warin salfaid kuma ya biyo baya.

Daga nan agogo ya fara aiki. Salfaid yana tsiyayewa cikin iska, oksijin kuma yana cinye shi, don haka samfurinsa ne na farko. A zuba ruwan kai tsaye cikin ƙaramar kwalbar da tuni aka sa wa ruwan zink asitet, bakin sirinjin yana nutse a ciki don kada kumfa ta shiga. Wani farin gari-gari zai bayyana, alamar salfaid ya kamu. A ajiye shi a sanyi da duhu, daga baya a auna shi da hanyar Cline ta 1969, inda ruwan ke komawa shuɗi gwargwadon yawan salfaid, a karanta shi da haske mai tsawon zango na wajen nanomita 670. A auna tsamin ruwan a wurin, domin shi ke nuna kason salfaid da ke yawo a matsayin iska mai guba. Idan ma'aunin tsamin, wato pH, ya nuna 7, kusan rabi da rabi ne.

Samfurin DNA shi ne na biyu. A tace ruwan ta matata mai ramuka na maikiromita 0.22, a rubuta adadin ruwan da ya wuce, domin a cibiyar shimfiɗa matatar kan toshe da wuri, a wasu wuraren kuma sai an tace da yawa. A daskarar da matatar nan take in akwai hali, in babu a sa ta cikin ruwan adana DNA a kai ta firiza a ranar. Na uku shi ne samfurin ƙidaya, wanda ake kashewa da ɗan fomalin. Na huɗu shi ne na launi, wanda ake tacewa a nannaɗe da takardar alminiyom saboda haske na ɓata shi. A kowace fita a tace ruwa mai tsabta na ɗakin gwaje-gwaje ta kayan aikin, a ajiye shi tamkar samfuri, don a gane abin da hannu da tiyo suka shigar.

Kalma ɗaya game da lafiya: salfaid yana kashe jin wari idan ya yi yawa, saboda haka daina jin warinsa ba alamar tsira ba ce. Kada a buɗe kwalabe masu yawa a rufaffen ɗaki ko cikin mota, kada a zuba asid a kan samfurin da aka kama da zink, kada kuma mutum ɗaya ya hau ƙanƙara ko kwalekwale shi kaɗai.

Sau nawa za a je

A ganina, sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙarancin da za a iya kira bibiya, kuma duk sati biyu ya fi a watannin da ruwa ke buɗe. Lokutan sauyi su ne suka cancanci ƙarin ziyara: makonnin da ke bayan narkewar ƙanƙara, da makonnin kaka da iska ke zurfafa ruwan sama. Hunturu ne aka fi yin sakaci da shi saboda wahala. A Cadagno ƙanƙara da dusarta kan rufe tafkin kusan wata biyar, hasken da ke kaiwa mita 12 ya yi ƙasa ƙwarai. Ziyara ko da biyu ce a wannan lokaci tana da daraja, domin ita ke nuna jinsunan da suka iya jure duhu, waɗanda su ne irin da shekara mai zuwa za ta tsiro daga gare shi.

A ɗakin gwaje-gwaje

A fara da madubin ƙara girma tun samfurin yana da rai. Bakteriya masu launin shuɗi-ja suna tara farar wuta a cikin jikinsu, ana ganin ta ɗigo-ɗigo tana ƙyalli, su kuwa koraye, dangin Chlorobium, a waje suke zubar da tasu, kuma sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Minti goma a gaban madubi kan hana mutum gaskata kuskuren da kwamfuta za ta kawo masa bayan wata shida.

Launuka suna ba da hoto na biyu cikin sauƙi da araha. Masu shuɗi-ja suna da launin kama haske da ake kira bakteriyokolorofil a, da yawa daga cikinsu kuma suna da wani launi da ake kira okenon. Koraye suna da c ko d ko e. Sai dai a yi hattara, domin idan an narkar da su cikin asiton, launukan korayen suna shan haske kusa da inda kolorofil na gansakuka ke sha, wajen nanomita 650 zuwa 665, har ma'auni na yau da kullum ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Inda ake zaton suna haɗe, sai an raba su da HPLC, na'urar rarrabe sinadarai.

Game da DNA, hanyar da aka saba ita ce karanta wani yanki na ƙwayar gadon 16S rRNA, wadda ake gane jinsin bakteriya da ita. A tara samfuran shekara duka a fitar da DNA ɗinsu da kayan aiki iri ɗaya, a cakuɗa jerinsu ta yadda na Yuli ba za su taru a rana ɗaya na Janairu a wata ba, in ba haka ba bambancin ranar aiki zai shigo da rigar bambancin yanayi. Sannan a tuna cewa wannan hanya kaso take bayarwa, ba adadi ba. Idan kason wani jinsi ya tashi daga kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, yana yiwuwa ya ninka ne, yana kuma yiwuwa maƙwabtansa ne suka mutu shi yana nan yadda yake. Ƙidayar ƙwayoyi a kowace mililita, ko da madubi ko da na'urar ƙidaya mai amfani da hasken leza, ita ce ke raba gardama, hanyar FISH kuma tana ba da damar a yi wa kowane jinsi alama mai haske a ƙirga shi shi kaɗai.

Yawa kuma ba shi ne aiki ba. Wani bincike da aka buga a 2008 a kan Cadagno ya auna abin da ƙwayoyi ɗai-ɗai ke ci, ya gano cewa Chromatium okenii, wadda ba ta wuce kashi 0.3 cikin ɗari na ƙwayoyin ba, ita ce ta ɗauki kusan kashi 70 na kabon da fiye da kashi 40 na amoniyam da aka sha a gwajin. Wanda ya dogara da jadawalin DNA kaɗai zai iya tsallake ta. Haka kuma za a tarar da DNA na masu buƙatar haske a can ƙasa cikin duhu, galibinsu ƙwayoyin da suka nutse ne. Don sanin wanda ke aiki, sai a cika kwalabe biyu-biyu, ɗaya mai haske ɗaya a rufe, a sa musu baikabonet mai alamar kabon 13, a rataye su a zurfin da aka ɗebo ruwan na 'yan sa'o'i.

Karanta sakamakon

A zana hoto mai watanni a kwance, zurfi a tsaye, a yi shi sau biyu: ɗaya da zurfi daga saman ruwa, ɗaya da nisa daga cibiyar shimfiɗa. Na farko zai nuna tafiyar shimfiɗar, na biyu zai nuna abin da ya sauya a cikinta. Abin da ya bayyana a na farko ya ɓace a na biyu motsi ne kawai.

Wajen neman dalili, a guji saurin ɗora komai a kan zafi. A tafki mai zurfin kan iyaka irin Cadagno, ruwan wurin yana da sanyi duk shekara, sauyinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na sama. Haske ne ya fi juyawa, kuma ba tsawon rana kaɗai ke juya shi ba: yawan gansakuka a ruwan saman tafki, da laka bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, da dusar ƙanƙara, duk suna yi wa na ƙasa inuwa. Koraye suna da wata ma'ajiyar launi da ke ba su damar rayuwa da haske ƙalilan, har an same su a zurfin kusan mita 100 a Baƙin Teku, don haka duk abin da ya rage haske yakan ba su galaba a kan masu shuɗi-ja. Su ma masu shuɗi-ja idan sun yi kauri suna tare wa na ƙarƙashinsu haske. Bayan haske sai a duba yawan salfaid da ke tasowa daga ƙasa, wanda ya dogara da aikin masu numfashi da salfet, su kuma abincinsu matattun halittun da ke gangarowa ne bayan yabanyar gansakuka ta lokacin zafi.

Wanda bai taɓa aiki da irin waɗannan bakteriya ba zai iya gwada hannunsa a gida da abin da ake kira ginshiƙin Winogradsky. A samo baƙar laka mai wari daga kududdufi, a cuɗa ta da yagaggiyar takarda da ɗan alli da gwaiduwar ƙwai ko garin jifsam, a cika doguwar kwalba mai haske, a zuba ruwan kududdufin a kai, a rufe. A yi biyu, ɗaya kusa da taga inda rana ba ta dukanta kai tsaye, ɗaya a wuri mai ƙarancin haske. Cikin wata ɗaya zuwa biyu launuka za su fara jeruwa a jikin kwalbar, a nan kuma za a koyi ɗiba da sirinji da kama salfaid kafin a kashe kuɗin tafiya.

Shekara ɗaya ba ta isa a kira abu na yanayi ba, sai an ga ya maimaita kansa aƙalla sau biyu. Dogon nazarin da aka yi a Cadagno daga 1994 zuwa 2003 ya nuna cewa a farkon lokacin masu shuɗi-ja ne suka fi yawa a kan iyaka, amma bayan shekarar 2001 wata koriya, Chlorobium clathratiforme, ta yi rinjaye a adadi. Wanda ya fara aikinsa a tsakiyar wannan juyi ya tsaya a wata goma sha biyu zai ɗauka hunturu ne ya kawo shi. Don haka a ajiye rarar matata da rarar DNA a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kowanne da kwanan wata da sa'a da zurfi biyu, na saman ruwa da na cibiyar shimfiɗa, a kuma adana ainihin bayanan na'urar aune-aune kafin a yi musu kowane gyara.